Aiki ya maƙale, kill -9 ya gagara: me kanel yake gani, me yake yi a kai?

An aiko da tambaya kamar haka: "Ina kula da wata uwar garke mai Linux. Wani aiki ya tsaya cak, na aika masa kill -9 ko gezau bai yi ba. Da na duba dmesg sai na tarar an rubuta `blocked for more than 120 seconds`. Tunda kanel ya san aikin ya maƙale, me ya hana shi kashe shi? Kuma ta yaya ma yake ganewa?"

Ɗan'uwa, kanel bai san aikinka ya maƙale ba. Abin da ya sani shi ne sakan 120 sun wuce aikin bai hau furosesa ko sau ɗaya ba, alhali yana cikin wani irin barci da bai kamata ya yi tsawo ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa, kuma in ka gane ta, sauran abin da ke cikin dmesg, wato kundin saƙonnin kanel, zai zo maka da sauƙi.

Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke riƙe da furosesa, da ƙwaƙwalwar ajiya, da diski, da katin sadarwa, yana raba su ga masu buƙata. Duk manhajar da ke gudana aiki ce a wurinsa, mai lamba da matsayi, amma ba ya karanta niyyarta. Tun 1936 Alan Turing ya tabbatar da cewa babu wata hanya guda da za a bi a duba kowace manhaja a ce wannan za ta gama, waccan ba za ta taɓa gamawa ba. Shi ya sa duk masu gadin da ke cikin kanel tushensu ɗaya ne: ana sa ran wani abu ya faru kafin cikar wani wa'adi, in bai faru ba a yi ƙara. Inda suka bambanta shi ne abin da kowannensu ke jira, da kuma inda yake tsaye yana lura.

Mu fara da maƙalewar da ba ta dami kanel ba sam. Manhaja ta faɗa cikin zagaye marar ƙarshe, tana cin furosesa ɗari bisa ɗari. A idon kanel wannan lafiyarta lau, domin ba shi da yadda zai bambanta ta da manhajar da ke sarrafa bidiyo. Abin da ya tanada shi ne kada ta hana wasu. Agogon na'ura yana buga ƙararrawa sau 250 ko 1000 a sakan, gwargwadon yadda aka gina kanel ɗin, kuma duk bugu dama ce ta karɓe furosesa a miƙa wa wani. Ko ayyukan da aka bai wa fifiko na musamman, an daɗe ana ware wa sauran ayyuka kashi 5 cikin 100 na kowane sakan don kada ɗaya daga cikinsu ya kulle na'ura gaba ɗaya. Irin wannan aikin kill yana kashe shi nan take.

Haka nan ayyuka biyu da suka yi cirko-cirko a can sama, kowanne ya riƙe makullin da ɗayan ke jira. Kanel yana ganinsu a matsayin S, wato barcin da sigina, irin saƙon da kill ke aikawa, ke iya katsewa, kuma mafi yawan ayyukan da ke kan na'urarka a wannan matsayin suke wuni suna jiran wani ya taɓa su. Ba zai taɓa yin ƙara a kansu ba. Wannan hurumin masu gadi na sama ne. A systemd, manhajar da ke tayar da hidimomi a Linux, akwai `WatchdogSec`, inda hidima take alkawarin leƙowa lokaci-lokaci, in ta yi shiru a kashe ta a sake tayar da ita. Android yana fitar da saƙon ANR idan manhaja ta yi sakan 5 ba ta amsa taɓawar mai waya ba. Windows ma sakan 5 yake bai wa taga kafin ya dusashe ta ya rubuta cewa ba ta amsawa.

Naka aikin yana matsayin D ne, wato barcin da sigina ba ta katsewa, kuma a nan zan daɗe.

Idan aiki ya nemi a karanta masa wani abu daga diski, ya bar nasa filin ya shiga cikin kanel. Daga nan umarnin kanel ne ke gudana da sunansa. Zai iya ɗaukar makullin wani fayil, ya ware wani yanki na ƙwaƙwalwa, ya gaya wa diski ya zuba bayanai kai tsaye a wannan yankin, sannan ya kwanta jira. Wanda ya rubuta wannan ɓangaren na kanel shi ne ya zaɓi irin barcin. In ya zaɓi D, yana cewa ne kada kowa ya tashe ni sai abin da nake jira ya iso, domin ban tanadi hanyar janyewa daga tsakiyar wannan aikin ba.

Sigina kuwa, har da ta 9 da kill -9 ke aikawa, ba harsashi ba ce. Alama ce ake liƙa wa aiki, kuma ba ta aiki sai lokacin da ya zo fita daga kanel zuwa nasa filin, ko yana cikin barcin da ya yarda a katse. Wadda ka aika tana nan ba ta ɓata ba. Buɗe `/proc/lambar-aikin/status` ka duba layukan `SigPnd` da `ShdPnd`, za ka ga 100 a ƙarshen jerin sifili, wato sigina ta 9 tana jira. Duk ranar da diskin ya amsa, aikin zai farka, ya saki makullansa, ya zo bakin ƙofa ya mutu.

To me ya hana kanel ya share shi da ƙarfin tsiya? Ka duba abin da zai biyo baya. Makullin da yake riƙe da shi ba mai sakinsa, duk wanda ya zo neman wannan fayil ɗin shi ma ya maƙale. In kuma aka ce a saki makullin da ƙarfi, bayanan da yake karewa suna nan rabi a gyare rabi ba a gyare ba, wanda ya zo gaba zai ɗauke su a matsayin sahihai ya rubuta su a diski. Mafi muni shi ne yankin ƙwaƙwalwar nan: in aka mayar da shi aka bai wa wani aiki, sai diskin ya farfaɗo bayan minti goma ya zuba tsofaffin bayanai a kan na sabon mai shi. Na'urar ba za ta nuna komai ba a lokacin, ɓarnar sai bayan kwanaki ta bayyana a wani wuri da ba wanda zai danganta da wannan. A ganina masu gina kanel sun yi daidai da suka zaɓi aiki ya maƙale a fili kowa na gani, a kan bayanai su lalace a ɓoye.

An rage matsalar a 2008, a fitowa ta 2.6.25, lokacin da Matthew Wilcox ya shigo da barci na uku mai suna `TASK_KILLABLE`. Shi ma D yake nunawa a ps, umarnin da ke jera ayyuka, amma sigina mai kisa tana tashinsa. NFS, tsarin amfani da fayilolin da ke wata na'ura ta hanyar sadarwa, shi ne ya fi cin moriyarsa. Sai dai kowane wurin jira a cikin kanel sai an bi shi da hannu an rubuta masa hanyar janyewa, kuma akwai wuraren da janyewar ba ta yiwuwa. Tunda naka bai mutu ba, a irin wurin nan yake.

Yanzu ga yadda aka gano shi. Akwai wani ƙaramin aiki na kanel mai suna `khungtaskd`. Yana farkawa lokaci-lokaci ya bi jerin ayyuka, ya tsaya a kan waɗanda ke cikin D na ainihi, ya tsallake masu karɓar kisa. Kowane aiki yana da ƙidayar sau nawa aka sauke shi daga furosesa. Mai gadin yana kwatanta ƙidayar yanzu da wadda ya gani a zagayen baya. In ta canja, aikin ya motsa, sai ya wuce. In ba ta canja ba har wa'adin `hung_task_timeout_secs` ya cika, wanda aka fi barinsa a 120, sai ya rubuta saƙon da ka gani tare da sawun da aikin ya bi a cikin kanel har zuwa inda ya kwanta.

Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan, kuma sun sha rikita masu kula da na'urori. Na farko, aikin da ke farkawa duk bayan sakan 30 ya duba ya koma barci ba zai taɓa shiga rahoto ba, ko da ya shekara bai ci gaba ba, domin ƙidayarsa tana motsi. Na biyu, `hung_task_warnings` yana farawa ne daga 10. Bayan rahoto na goma mai gadin yakan yi shiru, mutum ya ɗauka matsalar ta wuce alhali adadin ne ya ƙare. In kana bin diddigin matsala, mayar da shi -1.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne sunan da ke cikin rahoton yawanci na wanda abin ya shafa ne, mai laifin yana wani wuri. Kamar mutane ne a layi a bakin ƙofar da aka kulle ta ciki: waɗanda ake gani suna tsaye su ne na waje, wanda ya riƙe makullin ba ya cikin layin. Saboda haka ka karanta sawun daga sama. In ka ga `io_schedule`, diski ko hanyar zuwa gare shi ake jira. In ka ga `mutex_lock` ko `rwsem_down`, wani aikin ne ya riƙe makulli, shi za ka nema. In ka ga sunaye masu farawa da `nfs` ko `rpc`, matsalar tana wata na'ura can. In ka ga `jbd2`, kundin tsarin fayil na ext4 ne ya tsaya, kuma duk mai son rubutu a wannan diskin zai biyo layi. Fitowar kanel ta 2025 zuwa sama ta fara ƙara layin da ke faɗin wanda ake zaton yana riƙe da makullin, abin da ya rage wahala ƙwarai.

Kuma kafin a kai ga 120 ɗin nan, na ƙasa sun riga sun yi nasu ƙoƙarin. Ɓangaren SCSI, mai aika umarni ga diski, yana bai wa kowane umarni sakan 30. In diski bai amsa ba sai a soke umarnin, in bai yiwu ba a sake saita diskin, sannan layin da yake kai, sannan katin gaba ɗaya, a ƙarshe a cire diskin daga aiki a mayar wa masu jira da kuskure. Wannan ita ce hanyar da kanel ke 'yantar da aikin da ya maƙale a zahiri: ya kawo ƙarshen abin da ake jira, ko da da mummunan labari ne. NFS da aka ɗaura da zaɓin `hard`, wanda shi ne na asali, ba ya yanke ƙauna, zai yi ta rubuta `not responding, still trying` har uwar garken can ta dawo. Da gangan aka yi haka don kada rubutu ya salwanta. Wani abin lura kuma, tun 1993 Linux yake ƙirga masu matsayin D a cikin ma'aunin nauyin na'ura, shi ya sa za ka ga nauyi ya haura 50 furosesa kuwa tana zaune ba ta komai.

Duk wannan aiki ne ya kwanta ya kasa tashi. Akwai wanda ya fi shi haɗari, wato furosesa ce da kanta ta maƙale tana zagaye a cikin kanel. A nan `khungtaskd` ba lallai ya amfana ba, tunda shi ma sai an ba shi furosesa yake gudana. Dole mai gadi ya tsaya a wurin da abin da yake gadi ba zai iya toshe shi ba, kuma a kan wannan ƙa'idar aka jera su hawa-hawa.

Hawa na farko Ingo Molnar ya fara shi a 2005. Kowace furosesa tana da agogon da ke bugawa duk sakan 4. In ya buga sai ya tayar da wani ɗan aiki mafi fifiko a na'urar, wanda ba abin da yake yi sai rubuta lokaci. In mai rabon lokaci yana aiki, za a rubuta. In agogon ya ga rubutun ya haura sakan 20 bai sabunta ba, to wani umarnin kanel ya riƙe furosesar ya hana kowa, sai a fitar da `BUG: soft lockup`, galibi da 22s ko 23s a ƙarshensa. Amma idan mai zagayen ya toshe ƙararrawar ma fa? Agogon ba zai buga ba, ba mai lura. Sai hawa na biyu: NMI, ƙararrawar da furosesa ba ta da ikon toshewa. Ita kuma tana duba ko ƙidayar bugun agogon can ta ƙaru. In ta yi kamar sakan 10 a tsaye, `hard LOCKUP` kenan. Lambobin biyu daga `watchdog_thresh` suke fitowa, wanda yake 10, na farkon ninkinsa ne. A na'urorin da ba su da NMI mai amfani, tun fitowa ta 6.5 a 2023 ana iya sa kowace furosesa ta riƙa lura da maƙwabciyarta. A gefe kuma akwai RCU, wanda ke jiran kowace furosesa ta ratsa wani matsayi na hutu kafin ya saki tsofaffin bayanai. In ɗaya ta ƙi ratsawa cikin sakan 21, ko 60 a wasu rabe-raben Linux, shi ma ya yi ƙara, kuma sau da yawa shi ke riga kowa.

Hattara da waɗannan saƙonnin a kwamfutar da ake haya a gajimare, wadda take zaune cikin wata kwamfutar. In babbar kwamfutar ta hana ta furosesa na rabin minti, tana farkawa za ta ga agogo ya yi tsalle ta kai ƙarar kanta, alhali ba abin da ya same ta daga ciki.

Hawa na ƙarshe yana wajen kanel ɗungurungum. Wani ɗan agogo ne a jikin allon na'ura da ke ƙirga baya, ana taɓa shi ta `/dev/watchdog`. In aka daina taɓa shi ya kai sifili, sai ya sake kunna na'urar ba tare da neman izinin kowa ba. Irin wannan dabarar ta wa'adi da sake kunnawa ce ta riƙe kumbon Mars Pathfinder a 1997. Wani aiki mai ƙaramin fifiko ya riƙe makullin da babban aiki ke buƙata, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin samun furosesa balle ya saki. Tsarin ya riƙa ganin wa'adi ya wuce yana sake kunna kwamfutar kumbon, har injiniyoyi suka maimaita matsalar a ƙasa, suka aika gyaran da ke ara wa mai riƙe da makulli fifikon wanda ke jiransa. Sake kunnawar ba ta gyara komai ba, ta dai hana kumbon mutuwa har aka samu sawun da ya nuna inda cutar take.

Windows ma haka yake a tushe. `DPC_WATCHDOG_VIOLATION` da `CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT` 'yan uwan waɗancan biyun ne, sai dai shi dakatar da na'urar yake yi kai tsaye. Inda ya burge ni shi ne katin hoto: tun Vista, in katin ya yi sakan 2 bai amsa ba ana sake saita shi da direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, allo ya ɗan yi duhu ya dawo. Hakan ya yiwu ne saboda an gina iyaka tsakanin katin da sauran tsarin tun farko. Inda aka shata irin wannan iyakar ana iya farfaɗowa, inda babu kuwa zaɓi biyu ne kawai, a yi rahoto a jira ko a rushe komai a sake.

Linux ya bar maka wannan zaɓin. `hung_task_panic` da `softlockup_panic` da `hardlockup_panic` kowannensu yana mayar da rahoto ya zama dakatar da kanel da gangan. Shawarata, in na'urar tana cikin rukunin da wata za ta karɓi aikinta, kunna na biyu da na uku, ka haɗa da kdump don a adana hoton ƙwaƙwalwa, ka sa `kernel.panic` ya sake kunna ta bayan 'yan sakanni. Na'urar da ta mutu sarai ta fi wadda ke amsa gaisuwa ba ta aiki sauƙin sha'ani. `hung_task_panic` kuwa ina jan kunne a kansa. Diski mai nauyin aiki ko babban kwafi zuwa ma'aji mai jinkiri yana iya haura 120 ya kuma gama lafiya, ka ga ka rushe uwar garke a kan abin da haƙuri zai warware. Haka kuma kada ka bi shawarar da saƙon kansa ke bayarwa ta rubuta 0 a wa'adin, wannan rufe bakin mai gadi ne kawai.

Kada kuma ka haɗa wannan da abubuwa biyu masu kama da shi. Matsayin Z gawa ce, aikin ya riga ya mutu, uwarsa ce, wato aikin da ya tayar da shi, ba ta karɓi sakamakonsa ba, ita za ka gyara ko ka kashe. Mai kisa na OOM kuwa, wanda ke kashe aiki idan ƙwaƙwalwa ta ƙare, ƙarancin ƙwaƙwalwa yake dubawa, ba ruwansa da wanda ya maƙale, ko da yake in wanda ya zaɓa yana cikin D shi ma sai ya jira, dalilin da ya sa aka ƙaro `oom_reaper` a 2016 don ya ƙwace ƙwaƙwalwar tun kafin mutuwar ta tabbata.

Game da na'urarka, kafin ka sake kunna ta ka tattara shaida, domin da zarar ta tashi komai ya goge. Gudanar da `ps -eo pid,stat,wchan:30,cmd` ka ware masu D. Karanta `/proc/lambar-aikin/stack` na kowannensu. Rubuta `w` a `/proc/sysrq-trigger` don kanel ya zuba sawun duk masu D a dmesg lokaci guda. Sannan ka koma sama a dmesg, ka wuce rahoton farko na 120, ka karanta mintuna biyar da suka gabace shi. A nan ne yawanci za ka tarar da layin da diski ya fara kuskure, ko hanyar sadarwa ta yanke, ko wani direba ya faɗi yana riƙe da makulli. In NFS ne, dawo da uwar garken can ko hanyar zuwa gare ta, aikin zai mutu da kansa da siginar da ka riga ka aika. In diski ne ke mutuwa, kwashe abin da za ka iya kwashewa tun yana amsawa. In kuwa direba ne ya faɗi da makulli a hannu, babu mai sakinsa, sai sake kunnawa, kuma sawun da ka adana shi za ka aika wa masu kula da wannan direban.